Makiyayin Zangon Gangare

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso kusa. Wannan ba irin wadda ake cewa ta zo mu ji ta ba ce. Mutanen da abin ya faru da su suna nan da ransu, in ban da mutum ɗaya. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari, ya tashi tun yanzu.

Nafi'u mutumin Yawuri ne, amma ya daɗe a Amurka, a wani ƙaramin gari na jihar Iowa da ke bakin kogin Mississippi. Aikinsa fiɗa a wata babbar mayanka. Tun asuba yana tsaye cikin sanyi, shanu na wucewa a rataye, shi kuma yana raba gaɓa da gaɓa. Mutum ne mara yawan magana.

Taubashinsa Ilu kuwa, baki gare shi kamar rediyo. Ɗan gwaggonsa ne, kuma Nafi'u ne ya yi masa hanya ya zo, bayan gwaggo ta danƙa masa amanarsa. Ilu mai aski ne. Hannunsa na dama in ya riƙe aska, sai ka rantse rubutu yake yi. 'Yan Sudan da 'yan Kongo da ke aiki a mayanka, duk a shagonsa suke layi ranar Asabar.

Da zafi ya shigo aka samu hutu, Ilu ya zo da tanti a kafaɗa, ya jefar a tsakar ɗakin Nafi'u.

"Taubashi, tashi. Kullum daga mayanka sai gado. Turawan nan suna fita bakin kogi su kafa tanti su kwana don nishaɗi. Mu da aka haifa a bakin kogin Kwara, mu ne za mu zauna a ɗaki?"

"Mun gudo daga sauro, ka ce mu koma mu kwana da shi da gangan?"

"Tsufa ne ke damun ka. Ɗauko wuƙarka, yau gashin kifi za mu ci."

Haka dai ya yi ta yi har Nafi'u ya ɗauki makullin mota.

Filin zangon yana bayan gari kaɗan. A bakin ƙofa akwai ɗan ofis, da wata mata mai furfura a ciki. Ta ce musu wurin kashi uku ne. A kan tudu akwai wurin motoci masu ɗaki, irin waɗanda ke da gado da kicin da banɗaki a cikinsu, an ja musu wutar lantarki da famfo. Ya cika. A tsakiya, cikin bishiyoyi, akwai wurin masu tanti, kowa da teburinsa da murhunsa. Shi ma ya cika, hutu ne.

"Na ukun fa, mama?" in ji Ilu.

"Na gangare a rufe yake. Tun ambaliyar bara."

"Ai ruwa ya janye."

Matar ta dube shi, ta mayar da ido kan taga. "Ƙasar ba ta bushe ba," ta ce.

Sun juya za su fita ke nan, Ilu ya hango wata hanyar burji da ta gangara cikin itatuwa, an gitta mata sarƙa. Kafin Nafi'u ya ce wani abu, ya dire, ya ɗaga sarƙar sama yana dariya.

"Wuce, taubashi. Kwana ɗaya ne."

Nafi'u ya wuce. Daga baya ya ce ko a lokacin ƙafarsa ba ta so taka totur ba.

Hanyar ta yi ta gangarawa. Kiɗan da ke tashi daga tudu ya yi ta raguwa har ya ɓace. Da suka fito fili, sai ga kogi, faɗinsa kamar ba shi da wancan ƙetare, ruwan launin shayi da madara, yana tafiya ba ƙara. Jikin itatuwa duk shatin laka, sama da tsayin mutum. Tebura sun nutse cikin yashi har rabi. Nafi'u ya kashe mota, ya fito, ya tsaya.

Bakin kogi, tsakiyar zafi, amma ko sauro ɗaya babu. Babu tsuntsu. Babu kwaɗo.

Sai dai ba su kaɗai ba ne. Can kusa da ruwa akwai wata tsohuwar mota mai ɗaki, fentinta ya koɗe, an kafa mata rumfa a gefe. Wani dattijon Bature mai tumbi yana zaune a kujera, baƙin kare a gindinsa. Ya ɗaga musu hannu. Sunansa Orval. Ya ce ya yi ritaya daga aikin jirgin dakon hatsi, matarsa ta rasu, ya sayar da gida, yanzu motar nan ce gidansa, yana bin kogi daga zango zuwa zango. Shi ma sarƙar ya ɗaga ya shigo.

"Can sama hayaniya ta yi yawa," ya ce. "Ku kafa tantinku kusa da ni. Ina da itace, ina da fatsa."

Mutumin kirki ne, wallahi. Ku riƙe wannan.

La'asar ta yi sanyi. Ilu ya ari fatsa, ya soka guntun hanta a ƙugiya, ya wurga. Nafi'u yana can yana fama da turakun tanti. Duk wanda ya buga da guduma, ƙasa sai ta haɗiye shi, ruwa ya tsattsafo a gurbinsa.

Sai ihu.

"Taubashi! Taho! Wallahi jirgi na kamo!"

Sandar fatsar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Su uku suka taru suna ja, kare na haushi. Abin da suka jawo kan yashi tarwaɗa ce, amma ta fi Ilu tsawo. Kanta ya kai faɗin faranti babba. Ba ta yi fizge-fizge ba. Ta kwanta tana numfashi, tana kallon su ɗaya bayan ɗaya.

Nafi'u ya durƙusa. A hancinta akwai zobe na tagulla, ya yi kore don tsufa. A jikin zoben, guntun igiya ce da aka tufka da ciyawar ruwa.

Ya ɗago kai.

"Ilu, mayar da ita. Wannan tana da mai ita."

Orval ya sosa ƙeya. "Masu bincike kan saka wa kifi alama," ya ce. "Amma ban taɓa ganin irin wannan ba."

"Ka ji ko?" in ji Ilu. "Alamar 'yan boko ce. In tana da mai ita, ya zo ya faɗa da bakinsa."

"Ba wasa nake ba."

"Mahauci yana tsoron kifi! Bari mu koma gida in ba da labari."

Ya ɗauko gudumar turaku. Nafi'u ya kai hannu zai riƙe shi, bai kai ba. Guduma ta sauka a tsakiyar kai, ƙashi ya yi ƙara kamar an taka ƙwarya. Tarwaɗar ta buɗe baki.

Kukan saniya ta yi.

Nafi'u ya san kukan nan. Kullum yana jin sa a bakin aiki, kukan wadda ta shaƙi jinin 'yar'uwarta. Ilu ma ya ji, kuma tsoron da ya kama shi ne ya sa ya ƙara bugawa da ƙarfi. Ya ƙara. Ya ƙara. Ido ɗaya ya fashe, jini ya fantsamar masa a fuska da ƙirji. Bai daina ba sai da wutsiyar ta daina motsi.

Daga can tsakiyar kogi, daga ƙarƙashin ruwa, wani abu ya amsa. Murya ce mai kauri, ba ɗaya ba, da yawa. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ya yi rawa.

"Jirgin dakon kaya ne," in ji Orval. Amma ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, babu jirgi.

Nafi'u ya ce shi ba zai feɗe ta ba. Ilu ya zare wuƙar daga kugun Nafi'u, ya farke cikin da kansa. Wani farin abu ya malalo kan yashi, da ɗumi, yana tururi. Ƙamshin madarar da aka tatso yanzu ya cika wurin. Kare ya zo ya hau lasa.

"Ƙwai ne," in ji Ilu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Nafi'u ya karɓi wuƙarsa, ya goge, ya mayar cikin kube. Ya ce wa Ilu su tattara su tafi. Ilu ya ce ai nama ya riga ya hau wuta.

Rana ta faɗi. Nafi'u ya yi alwala da ruwan gora, don ya ƙi taɓa na kogin. Ya shimfiɗa darduma bayan tanti.

"Zo mu yi magariba."

"Fara, ina zuwa. Bari in juya naman."

Yana zaman tahiya ya ji kare ya daina lasa. Wutar ma ta daina ƙara. Ya yi sallama, ya waiwaya.

Wani mutum yana tsaye a bakin ruwa. Dogo ne ƙwarai. Doguwar rigar ruwa ce a jikinsa har ƙasa, da malafa da ta rufe rabin fuskarsa. Ya gitta sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta, irin tsayuwar makiyaya. Babu kwale-kwale. Babu sawu a bayansa.

Bai yi sallama ba. Leɓunansa suka motsa, shiru. Sai da bakin ya rufe, sannan murya ta iso, kuma ba daga wurinsa ta fito ba. Daga bayansa ta zo, daga kogi.

"Sannunku da wuta. Saniyata nake nema."

Hausa ce, irin ta tsofaffin Yawuri. Kafin Nafi'u ya gama mamaki, sai ya ji Orval ya amsa da Turanci.

"Babu wata saniya a nan, aboki. Gonaki suna can sama."

A nan Nafi'u ya gane. Kowa da harshensa ya ji maganar.

Mutumin ya tako. Nafi'u ya sauke ido ƙasa, yadda aka koya mana tun muna yara. Ƙafafun ba takalmi. Faɗi gare su, ba dunduniya, da fata a tsakanin dogayen yatsu. Fuskarsa na kallon su, amma yatsun na kallon kogi. Ruwa yana zuba daga ƙarƙashin rigar, kuma maimakon ya gangara, sai ya riƙa hawa tudu, siriri, yana nufar murhu.

"Na koro garke da la'asar," in ji muryar. "Ɗaya ba ta dawo ba. Mai shayarwa ce."

Ya sauke sandar, ya tona cikin yashi inda Ilu ya yar da kan. Ya ɗago shi da bakin sanda. Zoben yana lilo. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya buga?"

Jinin yana nan a fuskar Ilu, ya bushe.

Kare ne ya fara. Ya yi tsalle, bakinsa fari fat da madara. Mutumin ya cafe shi a sama. Hannu ɗaya a muƙamuƙin sama, ɗaya a na ƙasa. Ya yage shi kamar tsohon zane, tun daga baki har wutsiya. Ko kuka karen bai samu ya yi ba. Rabi ya faɗa cikin wuta, rabi ya bugi jikin motar Orval, ya sulalo, ya bar jan layi.

Orval ya yi wata irin ƙara. Karen nan shi kaɗai ya rage masa a duniya. Ya faɗa cikin mota, ya fito da bindiga mai baki biyu.

"Kar ka harba!" Nafi'u ya daka masa tsawa. "Baba, kar ka harba!"

Ya harba.

Ƙirjin mutumin ya huje. Nafi'u ya hango hasken kogi ta cikin ramin. Ba jini ya zubo ba, laka ce baƙa, da ƙananan kifaye suna tsalle a kan yashi. Ramin ya haɗe a hankali, kamar yadda taɓo ke cike sawu.

Mutumin ya juya kai wajen kogi, ya yi kira irin na masu kiwo. Kira ɗaya, dogo.

Kogin ya tashi. Ba igiyar ruwa ba ce. Miƙewa ya yi, kamar mai barci da aka taɓa. A cikinsa kawuna ne baƙaƙe, masu faɗi, masu dogon gashin baki, kai kusa da kai har iya ganin ido, kowanne da zobe a hanci. Kuka suke, ƙasa na amsawa.

Orval ya yar da bindiga, ya shige mota, ya kulle. Inji ya tashi, fitilu suka kama. Tayoyi suka yi ta juyawa cikin laka, motar ba ta motsa ba. Garken ya iso. Bugu na farko, ƙarfen gefe ya lotsa ciki. Gilasai suka tarwatse. Rumfar ta tashi sama. Motar ta karkata, fitilunta suka share kan itatuwa, tukwane da kwanoni suna zubowa a ciki. Orval ya turo kai da kafaɗu ta taga, fuskarsa duk jini, yana miƙo hannu wajen su Nafi'u. Wani baki ya buɗe a ƙasansa, ya kama shi a kugu. Suka ji ƙashin bayansa ya ɓalle. Ya naɗe ta inda mutum ba ya naɗewa. Aka ja shi ƙasa, motar ta bi bayansa da fitilunta a kunne. Suna ganin hasken yana tafiya a ƙarƙashin ruwa, yana nisa, yana nisa, har ya mutu.

"Gudu!" Nafi'u ya fizgi rigar Ilu.

Ruwa ya riga ya cinye tanti, ya kai gilashin motarsu. Suka nufi hanyar burji. Ruwa a gwiwa. Ruwa a cinya. Abubuwa masu santsi suna goga musu ƙafa. Saura kaɗan su kai gindin hawan, sai rigar ta suɓuce daga hannun Nafi'u.

Ya waiwaya. Ilu ya rungume wata bishiya da hannun hagu. Hannun dama yana miƙe cikin ruwa, an ja shi tsaf. A ƙarshensa mutumin ne a tsugune, malafarsa kawai ke sama da ruwa.

"Taubashi! Ya riƙe ni! Wayyo, yatsuna!"

Nafi'u ya ji su suna karyewa, kamar ana ɓalla karan dawa.

Ya zare wuƙa, ya faɗa wa mutumin. Ya soka a wuya, ya soka a ƙirji, ya soka a ido. Kamar mai sukar taɓo. Sandar ta fito daga ruwa, ta same shi a haƙarƙari. Ya ji ƙasusuwa sun ba da kai. Ta dawo ta same shi a baki, haƙora suka zubo masa a harshe. Ya nutse, ya taso yana tofar da jini, amma bai saki wuƙar ba.

Ƙarfi ya ƙare. Abin da ya rage masa shi ne abin da ke bakinsa. Ya fara Ayatul Kursiyyu, da fasasshen leɓe, da ƙarfi.

Jan ya tsaya. Garken ya yi tsit. Mutumin ya miƙe daga ruwa, ya sunkuyar da kai, ya saurara har Nafi'u ya kai ƙarshe. Bai ƙone ba. Bai gudu ba. Bai kuma saki hannun ba.

"Wanda kake kira ya ga abin da aka yi," in ji muryar daga kogi. "Ya san ba ni na fara ba. Kai ba ka buga ba, ba ka ci ba. Hau tudu."

"Ɗan'uwana ne. Bai sani ba."

"An gaya masa. Kai ka gaya masa."

"Me kake so?"

"Hannun da ya buga. Ko ya zo shi kaɗai, ko ya zo da mai shi."

Nafi'u ya miƙa nasa. "Ɗauki wannan."

"Naka da sunan Allah yake yanka. Ba shi nake nema ba."

Jan ya dawo. Kafaɗar Ilu ta goce da wata ƙara. Ɓawon bishiya yana tsage masa fatar hannun hagu. Ruwa ya kai musu ƙirji. Ilu ya ga wuƙar, ya ga fuskar Nafi'u, ya gane.

"A'a. Taubashi, a'a. Da shi nake ci. Don Allah. Ja ni kawai, ja ni!"

Nafi'u ya kama kugunsa ya ja da duk abin da ya rage masa. Ko motsi. Ruwa ya kai wuya. Ilu ya ɗaga haɓa sama yana haki. Fuskar gwaggo ta gitta wa Nafi'u. Ya ga kansa riƙe da waya, yana gaya mata ko gawa ba a samu ba.

Ya kwance bel ɗinsa. Ya naɗa a damtsen Ilu, ya ja da sauran haƙoransa har fata ta lotsa.

"Kalli sama, Ilu."

"Yaya…"

Tun suna yara bai taɓa kiran sa da wannan suna ba.

"Kalli sama. Yi kalmar shahada, kar ka daina."

Ya laluba cikin ruwa. Yatsunsa suka bi hannun har wuyansa, suka samu gaɓar. Kusa da ita ya taɓa wasu yatsu masu sanyi, masu santsi. Suka matsa kaɗan, suka ba shi wuri.

Ya yi bisimilla.

Ba zan gaya muku yadda ya yi ba. Aikin da yake yi kullum ne, sai dai wannan naman yana kiran sunansa. Ruwa ya rufe bakin Ilu, ihun ya koma kumfa. Ruwan da ke kewaye da su ya yi ɗumi. Jijiya ta ƙarshe ta ƙi, Nafi'u ya murɗa wuƙa, ta tsinke.

Suka faɗi baya su biyu.

Nan take ruwa ya fara janyewa, da sauri, kamar an zare toshiya. Kawunan suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Mutumin yana tsaye, hannun Ilu a tafinsa, karyayyun yatsun suna motsi. Ya miƙar da su, ya ɗora sandarsa a ciki. Hannun ya damƙe ta. Ya juya ya shiga kogi, fuskarsa gaba, yatsun ƙafarsa yanzu suna kallon su Nafi'u, har malafar ta ɓace.

Nafi'u ya saɓa Ilu a kafaɗa. Da karyayyen haƙarƙari ya hau hanyar nan, yana faɗuwa yana tashi, jinin Ilu na bin bayansa. Ya sunkuya ta ƙarƙashin sarƙa. Da ya fito wurin masu tanti, sai ga yara suna gasa masara, ana kiɗa, wata mata tana shanya tawul. Ba wanda ya ji harbi. Ba wanda ya ji komai. Sai da matar ta gan su ta saki ihu.

Ilu ya rayu. 'Yan sanda sun daɗe suna juya Nafi'u da tambayoyi. Ya ce musu ruwa ne ya taso ba zato, kututture ya danne hannun, ba yadda zai yi. Ilu da ya farfaɗo ya faɗi haka shi ma. Sun samu motar su Nafi'u cike da laka har rufi. Motar Orval kuwa sai da kaka aka gan ta can ƙasa da garin, a matse kamar gwangwanin da aka taka. Shi ba a gan shi ba har yau.

Nafi'u bai koma mayanka ba. Ko wuƙar yanka albasa ba ya iya riƙewa. Tuƙin motar kaya yake yi yanzu. Ilu ya koyi aski da hagu. Yana yi a hankali, masu layi sun ragu, surutun nan duk ya tafi. Bai taɓa ce wa Nafi'u don me ba. Bai kuma taɓa ce masa na gode ba. Amma kullum tare suke cin abincin dare.

Dungun ya warke, sai dai ba ya bushewa. Ko an naɗe shi da tsumma, kafin a jima ya jiƙe, da sanyi, da ƙarnin kogi. Likitoci sun duba sun rasa dalili. In magariba ta yi, Ilu sai ya ƙura wa bango ido, naman damtsensa yana motsi shi kaɗai, yana damƙewa yana saki.

Wata rana Nafi'u ya kasa daurewa.

"Ciwo yake maka?"

"A'a. Aiki yake."

"Wane aiki?"

"Hannun nan nawa yana kora garken gida. Ina jin sandar. Ina jin sanyin ƙasan. In an gama, sai tatsa." Ilu ya juyo. "Taubashi, garken ya ƙaru bana. Hannu ɗaya ba ya isa."

Nafi'u ya kalli hannun hagun Ilu.

"Ba nawa ba," in ji Ilu. "Ni na gama da shi. Amma kwanan nan, in an kai su gida, sai mai garken ya ɗauke ni mu hau bakin gaɓa. Ya ajiye ni cikin ruwa mara zurfi, inda mutane ke wanke hannu. Ina kwance a buɗe. Muna jira."

To, kun ji. Cikinku akwai masu burin zuwa ƙasar nan, Allah Ya kai ku lafiya. In wata rana abokai sun ja ku kwanan tanti a bakin kogin, ku kwana a kan tudu, cikin mutane, inda ake hayaniya. In an ce ya cika, ku koma gida. Hanyar da ta gangara, kada wanda ya bi ta shi kaɗai, kada ma ku bi ta ku biyu. In kuma magariba ta same ku kusa da ruwa, ku sa hannuwanku a aljihu.

Ku tashi haka nan. Kowa ya tofa addu'a kafin ya kwanta.